Alhaji, Auna Direbanka Kafin Ka Biya Kuɗin Mota

Kwanakin baya, a shirina na dare, na ce da masu saurare duk wanda zai sayi mota a filayen da ke bakin tashar jiragen ruwan Lome ya fara shiga ya zauna a kujerar direba kafin ya tambayi kuɗinta. Ban rufe baki ba wani dattijo ya bugo waya daga nan Zongo, ya ce: "Ɗana, mota ba gadon barci ba ce. Namiji ba ya raki." Na ce na ji, Baba, Allah ya ƙara girma. Lokacin shiri ya ƙare ban ba shi amsa ba, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Ni dogo ne, mita ɗaya da santimita 93, tun ina makarantar allo aka daina kirana da sunan yanka. Motata ta farko dillali ne ya turo mini hotonta ta WhatsApp, fenti sai walƙiya, na biya ban ko taɓa ta ba. Cinikin biri a sama ke nan. Ranar da na shiga, gwiwata ta tokare sitiyari, hulata ta goge rufi. Wata takwas ina tuƙi a takure, har ciwon ƙugu ya fara hana ni cika ruku'u. Da asara na rabu da ita.

Ni kuwa tafiyata daga gida zuwa wurin aiki ce kawai. Tun 1977 da hukuma ta rushe tsohon Zongo na tsakiyar gari ta kwaso iyayenmu zuwa arewacin birni, ɗan Zongo ba ya rabuwa da hanya, kuma da yawa daga cikin samarinmu tuƙi ne abincinsu. Daga Lome a bi ta Atakpame, Sokode, Kara, Mango, Dapaong har Cinkasse bakin iyakar Burkina Faso, sama da kilomita 600. A nan rigimata take. Mai kuɗi ke zaɓen mota, direba ke zama cikinta. Alhaji zai duba inji, ya duba taya, ya ƙirga man da take sha, ya tambayi ko daga Beljiyam ta zo ko daga Amurka, ya shiga baya ya miƙe ƙafa ya ce madalla. Ba zai taɓa juyowa ya ce da dogon yaron da zai tuƙa shi, "Malam, shiga ka gani ko ta ɗauke ka" ba.

Wannan ba maganar jin daɗi ba ce, Baba, maganar rai ce. Dogon da rufi ya danne wa kai, kwantar da kujera yake yi baya. Da ya kwantar, bel ya bar kafaɗarsa, hannunsa ya miƙe da ƙyar yake kai wa sitiyari. Ran da aka yi karo, jikinsa na iya sulalewa ta ƙarƙashin bel ɗin. Wanda gwiwarsa ke cin karo da sitiyari, sai ya karkata ƙafa kafin ya ɗauke ta daga totur zuwa birki, kuma a gangaren Aledjo ko a mararrabar da ɗan zemijan ya faɗo maka ba sallama, wannan ɗan jinkirin ya isa. Wanda idonsa ke daidai da saman gilashi ba ya ganin danja sai ya sunkuya. Ga gajiya, ga gyangyaɗi. Kuma idan direba ya kasa, wanda ya miƙe ƙafa a baya ba tsira zai yi ba.

Wasu za su ce to dogo ya sayi jif ya huta. Girman mota daga waje ba shi ne faɗin cikinta ba. Akwai jif mai tudun daɓe, kana zaune gwiwa na neman ƙirji kamar mai tsuguno, akwai ƙaramar mota da za ka shiga ka sake. Tagar rufin nan da samari ke mutuwar so, ita ma tana cinye wurin kai. Wasu kuma za su ce talaka ba ya zaɓe. Ƙarya ne. Filayen bakin teku cike suke da motoci iri-iri masu kuɗi kusan ɗaya, kuma ba a biyan ko dala don an zauna a kujera. Masu cewa iyayenmu sun tuƙa Peugeot 404 ba su yi kuka ba, su zo ƙofar masallaci bayan la'asar su ga tsofaffin direbobi yadda suke dafa bango kafin su miƙe. Jiki magayi.

Gwajin ba ya cin minti goma. Ja kujera baya, ka take kuloci har ƙasa: gwiwa ta ɗan lanƙwasa, kada ta taɓa komai. Jingina bayanka sosai, ka ɗora hannu a saman sitiyari: wuyan hannu ya kai ba tare da kafaɗa ta bar kujera ba. Duba ko sitiyarin yana ɗagawa, yana kuma jawuwa zuwa gare ka, domin wannan ya fi fenti amfani ga dogo. Tafin hannu ya shiga tsakanin kanka da rufi, da hularka a kai. Matashin ƙeya ya kai tsayin kanka, kujera ta tallafi cinya har kusa da gwiwa. Sannan ka shiga ka fita sau uku. Idan dillali ya fara tsaki yana cewa wani na jira da kuɗi a hannu, bar masa kayarsa.

Ku kuma direbobi, ku daina shiru don tsoron a ce kun cika iyayi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Faɗi tun a filin mota, kafin a ƙirga sefa.

Alhaji, ba ka taɓa ba tela shadda ba tare da ya auna ka ba. Ka tafi da direbanka ranar ciniki, ka miƙa masa makulli ya fara shiga. Baba kuma, layinmu a buɗe yake, ina jiran kiranka.