Magani kyauta ne, amma wa yake biya?

A ƙarshen damina, lokacin da masassarar cizon sauro take kan ganiyarta, babu asibitin ƙasar Arewa da ba ta cika da mata goye da yara, tun daga Dogonkiriya da Matankari har Koremairuwa da Gesheme. Uwa ta zo a amalanke da ɗanta, ta san doka ta ce magani kyauta ne, sai malamin asibiti ya miƙa mata takarda ya ce ta je farmasi ta saya. Daga nan zargi ya tashi: ai ma'aikata sun sayar da maganin talakawa. Kafin mu jefi likita, ya kamata mu tambayi inda kuɗin ya maƙale.

Bayan taron Bamako na 1987, Nijar ta gwada tsarin biyan kuɗin magani a Boboye da Say a 1993, ta mai da shi doka a 1995. Talaka ya ji jiki, balle da karyewar darajar sefa a 1994 ta ruɓanya kuɗin magungunan waje, ma'aikata kuma suna bin gwamnati albashin watanni. Amma asibiti tana da ɗan asusunta, tana sabunta magani da shi.

A 2005 aka yafe kuɗin fiɗar haihuwa, a 2006 aka haɗa da yara ƴan ƙasa da shekara 5 da awon ciki. Niyya ce mai kyau, kuma mata sun amsa kira. Sharaɗin shi ne asibiti ta yi aiki, ta aika takardun bashi Yamai, baitulmali ya biya ta. Shekara da shekaru takardun suka yi ta taruwa, biya yana zuwa a makare, har bashin ya kai biliyoyin sefa. Asusu ya bushe, kantar magani ta zama fayau. Gwamnati ta sha tafi, likita ya sha zagi. A 2024 hukumomi sun sake rage kuɗin jinya a asibitocin gwamnati. Madalla, in dai za a cike giɓin a kan lokaci.

To, wane matashin likita ne zai so zama cikin wannan hali? Ya yi shekara 7 ko fiye yana karatu, an turo shi gunduma, shi ne mai duba marasa lafiya da rana, shi ne mai fiɗa da dare, shi ne mai cika takardu. In aiki ya fi ƙarfinsa, tsakanin Dogonduci da Dosso akwai wajen kilomita 140, sau da yawa kuma dangin majinyaci ke haɗa kuɗin man mota. Takwaransa na Yamai yana ƙara samu a asibitoci masu zaman kansu da yamma. Shi ya sa mafi yawan ƙwararrunmu suke cunkushe a babban birni. An ba Tibiri matsayin gunduma a 2011, sai dai suna a takarda ba ya zaunar da likita.

Idan ƙungiyoyin ma'aikata irin su SYNPHAMED da SUSAS suka shiga yajin aiki, talaka ne yake kwana a ciki, kuma ba mu goyon bayan a bar mai naƙuda a ƙofa. Wanda aka kama da karkatar da magani a hukunta shi. Amma laifin bara-gurbi ba zai wanke mai riƙe da baitulmali ba.

Buƙatunmu uku ne. A biya takardun bashin asibitoci kowane wata 3, a kuma bayyana wa jama'a abin da kowace gunduma ta karɓa. A ba likitan karkara alawus na musamman da gida, a fifita shi wajen ƙaro karatu. A cika alkawarin Abuja na 2001, wato kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi ga kiwon lafiya. Sarakunan Arewa da magadan gari da ƴaƴanta masu faɗa a ji a Yamai, ku ne za ku kai wannan kuka, tun kafin wata daminar ta same mu da kanta babu magani.