SHARHI: Bin Yayi A Intanet Da Ribar Marubuci

Kowane ɗan kasuwa da ya daɗe a rumfa ya san cewa sanin abin da mai saye ke nema shi ne rabin jari. Mai sayar da yadi a Kantin Kwari na Kano ba ya jiran a gaya masa sallah ta ƙarato kafin ya sari shadda, haka kuma dillalin takin zamani ba ya jiran saukar ruwan farko kafin ya cika sito. A 'yan shekarun nan wannan tsohuwar hikima ta shiga sana'ar rubutu, domin kuwa marubutan da ke wallafa ayyukansu a intanet sun sami hanyar sanin abin da jama'a ke tambaya tun kafin su fara rubutu. Abin dubawa a nan shi ne ko wannan hanya tana gina sana'a mai ɗorewa, ko kuwa cinikin rana ɗaya ne kawai.

Hanyar da aka fi sani ita ce Google Trends, wadda kamfanin Google na Amurka ya buɗe wa jama'a kyauta a shekarar 2006. Tana nuna kalmomin da mutane ke yawan nema a wata ƙasa cikin wani lokaci, har ma takan rarraba sakamakon jiha-jiha a Nijeriya. Sai dai ya kamata a fahimci ma'auninta. Lambobin da take bayarwa daga 0 zuwa 100 ba adadin mutane ba ne. 100 na nufin lokacin da neman kalmar ya kai ƙololuwa a tsakanin ranakun da aka zaɓa. Saboda haka kalmar da mutane kaɗan suka nema tana iya nuna 100, kamar yadda wadda miliyoyi suka nema za ta nuna. Marubucin da bai san wannan ba yana iya sarar kaya da yawa domin kasuwar da ba ta cika ba.

Dalilin da ya sa marubuta ke rububin wannan hanya a bayyane yake. Mafi yawansu suna samun kuɗin shiga ne daga talla, musamman ta tsarin AdSense da Google ya fara a shekarar 2003, wanda ke biyan mawallafi gwargwadon yawan waɗanda suka ga tallar. Kuɗin da ake biya a kan mai karatu daga Nijeriya bai kai wanda ake biya a kan mai karatu daga Amurka ko Ingila ba, domin masu talla a can sun fi zuba kuɗi. Wannan ya sa marubucin gida yake ganin ba shi da mafita illa ya tara jama'a da yawa ta kowace hanya. Daga nan ne ake samun kanun labarai masu ƙyalli waɗanda ba su da komai a ƙarƙashinsu.

Tarihin wannan sana'a ya riga ya nuna inda irin wannan tafiya ke ƙarewa. Kamfanin Demand Media, wanda aka kafa a jihar Kalifoniya a shekarar 2006, ya gina babban ɓangare na kasuwancinsa a kan wannan dabara. Kwamfuta ce ke tantance kalmomin da ake yawan nema, sa'an nan a ba 'yan ƙwadago su rubuta gajerun bayanai a kansu a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, a zuba su a shafin eHow. A watan Janairun 2011 kamfanin ya shiga kasuwar hannun jari ta New York da darajar da ta haura dala biliyan ɗaya. A watan Fabrairun shekarar Google ya fara sauya tsarin jera sakamakon bincike da wani gyara da aka sani da suna Panda, domin danne rubuce-rubuce marasa nauyi. Cikin 'yan watanni masu ziyartar eHow suka ragu, farashin hannun jarin kamfanin kuma ya faɗi warwas. Darasin a fili yake: wanda ya kafa rumfa a filin wani, ranar da mai fili ya ga dama zai tashe shi.

Google ya sake yin irin wannan gyara a watan Agustan 2022, inda ya bayyana cewa zai fifita rubutun da aka yi domin amfanin mutane a kan wanda aka yi domin jawo hankalin na'urar bincike. A watan Mayun 2024 kuma ya fara amfani da ƙirƙirarriyar basira wajen ajiye taƙaitacciyar amsa a saman sakamakon bincike a Amurka, daga baya tsarin ya yaɗu zuwa ƙasashe fiye da 100. Ma'anar wannan ga marubuci ita ce, duk tambayar da jimla ɗaya za ta amsa, mai tambaya yana iya samun biyan buƙata ba tare da ya buɗe rubutun kowa ba. Abin da ya rage wa marubuci shi ne bayanin da ke buƙatar sani na haƙiƙa da sanin ƙasa.

Wannan ba ya nufin a yi watsi da sanin abin da jama'a ke nema. Abin da ake buƙata shi ne a bambanta yayi iri biyu. Akwai na guguwa, kamar rigimar 'yan fim ko sakamakon wasan ƙwallo, wanda ke tashi da safe ya kwanta kafin magariba, kuma manyan kafofin watsa labarai masu ma'aikata da yawa su ne kan kwashe ribarsa. Akwai kuma na kaka, wanda ke dawowa duk shekara: kuɗin kujerar aikin Hajji, rajistar jarrabawar JAMB, farashin sukari da gero gabanin azumi, farashin raguna gabanin babbar sallah, da farashin hatsi a kasuwar Dawanau lokacin girbi. Irin wannan yayi ana iya shirya masa tun da wuri, kamar yadda masu iya magana kan ce, ba a fafe gora ranar tafiya. Rubutu ɗaya mai inganci a kan irin waɗannan batutuwa, idan ana sabunta alƙalumansa, yana iya kawo masu karatu shekara da shekaru.

Ko a batun guguwa ma, wanda ya riƙe gaskiya shi ke cin riba daga baya. Misali mafi kusa shi ne sauya fasalin Naira. A watan Oktoban 2022 Babban Bankin Nijeriya ya ba da sanarwar sauya takardun Naira 200 da 500 da 1,000, ya sa ranar 31 ga Janairun 2023 a matsayin wa'adin daina karɓar tsofaffin, daga baya aka ɗage zuwa 10 ga Fabrairu. A ranar 3 ga Maris ɗin 2023 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a ci gaba da amfani da tsofaffin takardun har ƙarshen shekarar. A tsawon waɗannan makonni tambaya ɗaya ce a bakin kowane mai shago: wace takarda zai karɓa yau? Marubucin da ya kawo ranar daidai, ya kuma faɗi hukumar da ta yi maganar, ya yi wa ɗan kasuwa hidimar da ba zai manta ba. Wanda kuwa ya kwashi jita-jita domin ya riga kowa, ya jawo wa wani asara, kuma da wuya a sake komawa wurinsa. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski; wanda ya jawo mai karatu da kanun labari, wajibi ne ya ba shi amsar da ya zo nema.

Marubucin Hausa yana da wata dama ta musamman, tare da tata matsalar. Rubuce-rubucen Hausa a kan haraji, bashin banki, rajistar kamfani da fitar da kaya waje ba su da yawa a intanet idan aka kwatanta da na Ingilishi, saboda haka mai shiga wannan fage ba ya fuskantar cunkoso. Sai dai kuma masu nema da yawa suna rubuta kalmomi ba tare da haruffa masu lanƙwasa ba, wasu kuma sukan gauraya Hausa da Ingilishi, lamarin da kan sa alƙaluman bincike su nuna buƙatar ƙasa da yadda take. Don haka bai kamata marubuci ya dogara da na'ura ita kaɗai ba. Hirar tasha, ta majalisar 'yan kasuwa da tambayoyin da ake aiko wa gidajen rediyo, duk ma'aunai ne na abin da ke damun jama'a.

Su ma 'yan kasuwa masu ba da talla suna da rawar da za su taka, domin kuɗinsu ne ke ciyar da wannan sana'a. Kafin su biya mawallafi, ya dace su nemi sanin mutum nawa ne ke dawowa karatu a kai a kai, da tsawon lokacin da suke ɗauka a kan rubutu, da kuma garuruwan da suke zaune. Mutum dubu da ke dawowa duk mako domin duba farashin kaya sun fi wa mai sayar da injin ban-ruwa amfani a kan dubu ɗari da suka leƙo sau ɗaya domin jin tsegumi.

A taƙaice, jerin batutuwan da ake yayi bayanin kasuwa ne, kuma amfaninsa ya danganta da kayan da ke rumfar mai duba shi. Marubucin da ya zaɓi fage ɗaya da ya sani, ya yi amfani da alƙaluman bincike domin sanin lokacin da jama'a ke buƙatar iliminsa, ya kuma tabbatar da kowace lamba kafin ya wallafa, shi ne zai tara abokan ciniki na dindindin, waɗanda za su riƙa neman sunansa kai tsaye ko da Google ya sake sauya tsarinsa.