FILIN LISSAFI: Nawa ne ya ishi mutum guda a birni?

Kaka ta wuce, hatsi ya shiga rumbu. Yanzu ne samarin ƙasar Gaya suke shirin tafiya cirani. Hanya uku ce gabansu. Wasu su bi ta Doso su nufi Yamai, tafiyar kilomita kusan 300. Wasu su ƙetare kogi zuwa Malanbil, su bi ta Paraku har Kwatano. Wasu kuma su shiga Najeriya ta Kamba, su gangara Legas.

Da yawansu buri ɗaya gare su. Kowa yana son ɗakinsa shi kaɗai, da makullinsa a aljihu, ya ci abin da yake so, ya kuma aiko wa iyaye wani abu. Burin yana da kyau. Amma nawa ne zai ishi mutum guda ya yi irin wannan zama? Lissafin wannan wata ke nan.

ABIN DA BA A BIYA A ƘAUYE

A ƙauye saurayi yana kwana gidan ubansa, ba mai tambayarsa kuɗin haya. Tuwo daga rumbu yake fitowa. Ruwa yana rijiya, icce yana daji. Makiyayi yana da nono a ƙwarya. In ciwo ya kama mutum, akwai mai dafa masa kunu.

A birni kowane ɗaya daga cikin waɗannan da kuɗinsa. Ɗaki da kuɗi. Ruwa, sai a saya wurin ga-ruwa ko a famfo. Gawayi da kuɗi. Zuwa wurin aiki ma sai an biya taksi ko faba-faba. A wasu kasuwanni har ban ɗaki sai an biya. Saboda haka kada a tsaya ga abin da mutum yake samu. A dubi abin da ya rage masa ranar ƙarshen wata.

ALBASHI MAFI ƘANƘANTA

Kowace ƙasa cikin waɗannan tana da doka a kan albashin da bai kamata a biya ma'aikaci ƙasa da shi ba. A Nijar, daga 2012 jika 30 ne da ƴan kai. A Janairu 2024 ya koma jika 42, wato sefa 42.000 a wata. A Benin ya zama jika 52 a farkon 2023. A Najeriya ya zama naira 70.000 a Yuli 2024, Jihar Legas kuma ta kai nata naira 85.000.

A nan sai a lura. Naira 85.000 lamba ce babba a kunne. Amma a ƙarshen 2024, wanda ya kai ta wurin ƴan canji ba zai karɓi jika 42 ba. Darajar naira ta faɗi ƙwarai tun Yuni 2023. A Mayu 2023 kuma aka janye tallafin mai a Najeriya, kuɗin mota da na abinci suka hau. Wanda zai aiko da kuɗi Gaya, da sefa ya kamata ya yi lissafinsa.

Abu na biyu, wannan albashi na mai aiki da takarda ne. Yawancin ƴan cirani dako suke yi, ko gadi, ko sayar da shayi, ko tura kura, ko kabu-kabu. Ranar da ba a fita ba, babu ko dala. Aikin ma yana iya tsayawa dare ɗaya. A 2022 gwamnatin Legas ta hana masu babur ɗaukar fasinja a manyan unguwanni da dama, mutane da yawa suka rasa abin yi.

LISSAFI NA FARKO

A ɗauki mai albashin jika 42 a Yamai. In an raba 42.000 gida 30, kowace rana yana da sefa 1.400, wato jika guda da dala 80.

Masu lissafin zaman birni suna da ƙa'ida: kada haya ta wuce kashi ɗaya cikin uku na abin da mutum yake samu. Kashi ɗaya cikin uku na jika 42 shi ne jika 14. Saura jika 28.

A ce yana cin abinci sau uku a rana, kowane ci dala 60. A rana dala 180 ke nan, wato sefa 900. A wata jika 27. An cire 27 daga 28, saura jika guda.

Wannan jika guda ita ce ta sabulu, ita ce ta ruwa, ita ce ta mota, ita ce ta magani. Iyaye kuma suna can suna jiran saƙo. Kowa ya ga lissafin bai fita ba.

LISSAFI NA BIYU

To, nawa ne zai kai mutum ga zama na rufin asiri? Ga misali na koyon lissafi. Kowa ya cire waɗannan lambobi, ya sa farashin garin da ya nufa.

Hayar ɗaki mai wuta, ruwa kusa: jika 25.
Abinci, da ɗan nama wani lokaci: jika 35.
Ruwa da wuta da gawayi: jika 8.
Kuɗin mota: jika 10.
Sabulu da tufa da katin waya: jika 7.
Ajiya saboda ciwo: jika 5.
Saƙon gida: jika 10.

Jimla jika 100 a wata. Wannan ya fi albashin jika 42 har ninki biyu. Kuma ba a sa babur a ciki ba, ba a sa kuɗin aure ba, ba a sa ragon Layya ba. In haya ta fi haka tsada, kamar yadda take a tsakiyar manyan birane, jimlar ma sai ta hau. In mutum ya gudu bayan gari don ɗaki mai araha, abin da ya rage a haya sai ya zuba shi a mota.

KUƊIN SHIGA ƊAKI

Akwai wani nauyi tun kafin a karɓi makulli. Mai gida ba ya yarda da hayar wata guda. Yana son kuɗin ajiya da na wasu watanni gaba. Dillali ma yana da ladansa. Abin ya yi yawa har hukumomi suka sa baki. A 2011 Jihar Legas ta yi doka, kada sabon ɗan haya ya biya fiye da shekara guda. A 2018 Benin ta yi tata, kada kuɗin ajiya ya wuce hayar wata 3.

A duba da kyau. Shekara guda wata 12 ne. Ko a inda ake neman wata 3 na ajiya da wata guda na shiga, ɗakin jika 25 ya zama jika 100 a rana ɗaya, tun mutum bai sayi ko tabarma ba. Ga kuɗin hanya kuma. Da aka rufe gadar Gaya da Malanbil a Yuli 2023, matafiya sun koma ƙetare kogi da jirgin ruwa, tafiya ta ƙara tsada.

A nan ne hatsarin yake. Saurayi yakan sayar da bijimi ko tumaki, wani har ya jinginar da gona, don ya haɗa wannan kuɗi. Tunkiya tana haihuwa. Gona tana ba da amfani kowace shekara. Kuɗin haya kuwa in ya tafi ya tafi.

DABARAR MAGABATA

Magabata sun daɗe suna zuwa kurmi, amma ba su zauna su kaɗai ba. A Kwatano akwai unguwar Zango. A Legas akwai Agege da Idi-Araba. Baƙo yana sauka wurin mai masauki ko ɗan garinsu. Mutum huɗu ko biyar suna haɗa ɗaki guda da tukunya guda. Ɗakin jika 25 in an raba shi biyar, kowa jika 5 zai biya. Jika 20 ta rage a aljihun kowa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Zaman yana da matsi, amma da shi ne da yawa suka koma gida da shanun noma.

KAFIN A ƊAURE KAYA

1. A tambayi waɗanda suka dawo bana farashin ɗaki da na abinci. A rubuta a takarda.
2. A haɗa jimla, a gwada ta da abin da aikin zai kawo a wata mara kyau.
3. A ware kuɗin komowa gida, kada a taɓa shi.
4. Kada a sayar da dabba mai haihuwa ko a jinginar da gona saboda haya.
5. A yi irin wannan lissafi ga aikin rani na gida. Ƙasar Gaya ta fi ko'ina samun ruwan sama a Nijar. Akwai shinkafa a bakin kogi. Akwai rake da rogo da dankali a fadama. Akwai muruci a Dallol Mauri, akwai gishiri a Foga. Jika 20 da ta rage a gida ta fi jika 60 da birni ya cinye.

Wanda lissafinsa ya fita, Allah ya kiyaye hanya, ya kuma dawo kafin ruwan shuka. Wanda nasa bai fita ba, ya nemi abokan haɗa ɗaki ko ya dakata. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba. Sai wata mai zuwa.