Ƙarfen Tsohuwar Mota da Amanar Rayuka

Yau ina so mu yi magana a kan ƙarfe, watau ƙarfen tsohuwar mota, da abin da maƙera da makanikai ke fitarwa daga jikinsa.

Duk wanda ya zaga maƙera a kasuwar Mashi ya sani mota ba ta mutuwa a ƙasar nan. In ta gaji sai 'yan gwangwan su saye ta, a feɗe ta kamar sa. Sifirin ya tafi wurin maƙeri ya komo gatari da gizago da lauje, domin ƙarfe ne mai ƙarfi, in aka gasa shi aka tsoma a ruwa ko mai sai ya riƙe kaifi. Taya ta zama takalmi, robar cikinta ta zama guga, ƙafafun baya da ƙarfen da ke riƙe da su su zama amalanken shanu mai kai taki gona. Kakanninmu sai sun haƙo tama, sun kwana suna zuga, kafin su sami na garma guda. Amma tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, motocin gyaɗa suka biyo baya, ƙarfen Turawa ya yi ta yawaita har aka bar narka tama.

To, hannun da ya iya mai da mota fartanya shi ne kuma ya koyi yi wa mota kayan gyara, larura ce kuwa ta koya masa. Lokacin da aka fara haɗa Peugeot a Kaduna a 1975, mai mota yakan sayi sabon abu a kwalinsa bai ji a jikinsa ba. Da aka karya darajar naira a 1986 sai sabo ya fi ƙarfin talaka. Haka aka sake yi a 2023, sa'ad da aka janye tallafin man fetur, naira ta ƙara faɗuwa. Saboda haka Panteka ta Kaduna da Ƙofar Ruwa ta Kano suka cika da masu ƙira da walda da zubi, kamar yadda fataken da suka je Kumasi suka gani a Suame, da waɗanda suka je Yamai a kasuwar Katako. Can za ka ga yaro ya naɗa wayar jan ƙarfe da hannunsa ya haɗa injin walda, wani ya yanka gaskit daga kwali mai kauri, wani ya lanƙwasa bututu ya yi salansa, wani kuma ya ƙera sifana wadda kamfani bai taɓa tunaninta ba, don kunce noti guda da ya ɓuya a lungu.

Ni dai ba na cikin masu raina wannan aiki. Malamai sun fi ni sanin cewa Allah ya tausasa wa Annabi Dawuda, alaihis salam, ƙarfe, yana ƙera sulke, yana ci daga aikin hannunsa. Ba domin waɗannan bayin Allah ba, da hatsi da dabbobin ƙauyukan Mashi ba su ga Katsina ko Daura a kan lokaci ba. Ɗan boko da ke yi musu dariya, in motarsa ta mace a daji, su yake nema.

Amma fa, jama'a, jikin mota kashi biyu ne. Akwai abin da in ya lalace sai a tsaya gefen hanya a yi haƙuri, akwai kuma wanda in ya lalace sai a nemi likkafani. Salansa in ta fashe, ƙara ce kawai. Murfin tanki, madubi, kujera, ƙofa, duk a ƙera su yadda aka ga dama. Birki fa? Sitiyari fa, da kusoshin da ke riƙe da ƙafa?

Wata shekara da kaka na shiga motar kasuwa daga Mashi zuwa Daura, an yi mata lodin buhuna har sama. Ba mu yi nisa ba sai muka ji ƙara, motar ta karkace, Allah ya taƙaita ta tsaya cikin yashi. Da muka sauka muka duba, ashe sifirin ne ya karye daidai inda aka taɓa yi masa walda, aka shafa baƙin fenti a kai. Direba ya rantse da sunan lafiyayye ya saye shi. Na yarda da shi, gama shi ne a gaba, da ta kife da shi za ta fara.

Ga dalilin abin, yadda maƙera da kansu suka sani. Ƙarfin sifirin yana cikin irin gashin da aka yi masa tun farko. Wutar walda tana warware wannan gashi, gefen ɗinkin ya yi gautsi, sai ya jira ranar nauyi da rami ya ɓalle. Haka kusar ƙafa: ta kamfani ƙarfe ne da aka ƙarfafa musamman, wadda aka fiƙe daga rodin gini kuwa kamarta ɗaya a ido, amma tana miƙewa a hankali har ta tsinke. Tayar da ta suɗe aka sassaƙa mata sabon zane da wuƙa, naman da ya rage mata aka rage. Mafi muni shi ne zuba ruwan sabulu a maimakon man birki. Ruwa yana tafasa a ma'aunin zafi 100, man birki kuwa sai ya haura 200. In birki ya yi zafi ruwan ya zama tururi, direba ya taka ya ji ƙafarsa ta tafi ƙasa, babu abin da ya kama.

A nan maganar ta zo hannun malamai. Almajirin da ya karanta babin ciniki a Risala ya san algus haram ne, haka ɓoye aibin haja, haka gauraya mai kyau da mummuna. Wanda ya ƙera abu ya ce wa mai saye, wannan ƙirar gida ce, kuɗinta kaza, iyakar ƙarfinta kaza, ya fita haƙƙi, cinikinsa halal ne. Wanda kuwa ya wanke ta da fetur, ya shafa fenti, ya sa ta a kwalin kamfani, ya ci haram ko da ta yi shekara goma tana aiki. Sa'an nan a mazhabarmu ta Malikiyya mai sana'a yana lamunin kayan da aka ba shi ya yi aiki a kansu, in sun salwanta a hannunsa. To, in an ɗora masa lamunin tufa da ƙarfe, ina ga ran mutum goma sha takwas? Su fasinjoji ba su halarci cinikin ba, ba a tambaye su ko sun yarda da rangwamen ba.

Alhazai masu motoci, ku ma da naku. Sau da yawa makanike yakan ce a sayo sabo, maigida ya ce a lallaɓa dai zuwa bayan kasuwa. Ya ku alhazai, wanda ya tilasta lallaɓawa ya san rabonsa a cikin abin da ya biyo baya.

Abin da nake roƙo kaɗan ne, ba ya bukatar takarda daga Abuja. Sarkin Maƙera da shugabannin makanikai da na tasha su zauna su yanke cewa birki da sitiyari da kusar ƙafa da sifirin ba a yi musu dabara a motar haya, sai dai dabarar da za ta kai mota gari ba fasinja a ciki. Kowane maƙeri kuma ya buga alamarsa a jikin abin da ya ƙera, yadda makiyayi ke yi wa dabbarsa shaida, domin mai kyau a san mai shi a koma masa, mummuna kuma a san ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Limamai su taɓa maganar a wa'azin Juma'a kafin kaka, lokacin da lodi ke yin nauyi a hanyar Katsina da Daura.

Wassalam.