RA'AYI: Kafin matashin Gure ya biya kuɗin wata don jin labarin tafiya

A Gure, garin da ke kan babbar hanyar Damagaram zuwa Diffa, labarin hanya abu ne da ake nema kamar ruwa. Mai shiga Najeriya ta ɓangaren Yobe yana son jin yadda naira ta kwana. Wanda ya ɗaura niyyar Agadas da Dirku yana son sanin ko motoci na wucewa. Ɗalibin da ya gama sakandare yana kasa kunne ko wata ƙasa ta buɗe guraben karatu kyauta. A da, a tasha ake samun wannan labari, a bakin direba da ɗan kamasho, ko a fada wajen shan shayi. Yanzu ya koma cikin waya, kuma an sa masa farashi.

Tsarin sananne ne. Akwai zauren WhatsApp ko Telegram na kyauta, inda ake zuba hotunan biza da tikitin jirgi da aka rufe sunayen masu su. Sannan akwai zaure na ciki, na waɗanda suka biya, inda aka ce can ne ake sakin ainihin damar: aikin gadi a Dubai, aikin gida a Saudiyya, tikiti mai rahusa, hanyar da ba jandarma. A ce kuɗin jaka biyu ne a wata, wato sefa 2,000. Ba ya kama da wani abu. Amma a shekara ya zama 24,000, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi a hukumance yake 42,000 a wata tun farkon 2024. Ga mafi yawan matasan Gure, wannan ciniki faɗuwa ce.

Ba wai sayar da labarin tafiya haramun ba ne ko baƙon abu. Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro suna biyan madugu ladansa, haka ma ayarin raƙuman da ke ratsa Tenere zuwa Fashi da Bilma ɗauko gishiri. Abin da suke biya shi ne sani: ina rijiya take, wane sarki ake ba gaisuwa, wane zango ne ba a kwana. Sai dai madugu yana cikin ayarin. In ya ɓata lissafin rijiya, ƙishirwar da za ta kama ƴan ayari shi ma za ta kama shi, kuma in ya tsira, sunansa ya mutu a garinsu. Mai zauren waya kuwa ya riga ya karɓi kuɗinsa tun ranar ɗaya ga wata. Ko mai biyan ya isa, ko ya maƙale a hanya, ko an maido shi, babu abin da ya ragu a aljihunsa. Hasali ma ribarsa tana ga wanda bai tafi ba, wanda ke ci gaba da jira yana sabunta rajista. Wanda ke cin abinci da burin mutane ba zai taɓa fitowa ya ce wannan watan babu wata ƙofa a buɗe ba.

Kuma sau da yawa gaskiyar ke nan, babu. Tun juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 dokokin tafiya a Nijar ke sauyawa fiye da yadda wani mai kwafo saƙo daga wani zaure zai iya bi. A Nuwambar 2023 Janar Abdourahamane Tiani ya soke dokar 2015 da ta haramta safarar bakin haure, abin da ya maido da zirga-zirgar Agadas fili. A Janairun 2024 Faransa ta rufe ofishin jakadancinta a Yamai. A Maris na shekarar aka sake buɗe iyaka da Najeriya, yayin da gadar Gaya zuwa Benin ta ci gaba da zama a rufe, jama'a suka koma ƙetare kogi da kwale-kwale. A 29 ga Janairun 2025 ficewar Nijar daga ECOWAS ta tabbata, aka fito da fasfon AES. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya mayar da tsohuwar shawara ta zama ƙarya. Ga abin lura kuma: dukkansu an ji su a rediyo kyauta, da Hausa.

Haka abin yake ga yawancin abin da ake sayarwa a zauren ciki. Neman tallafin karatun gwamnatin Turkiyya kyauta ne, a shafinta ake cikewa a farkon kowace shekara. Sanarwar tallafin karatu na gida daga hukumar ANAB take fitowa, ta aikin Hajji da Umara kuma daga COHO. An yi shekara da shekaru ana cike takardar cacar bizar Amurka kyauta, amma an yi ta karɓar kuɗin mutane a kanta. Kuɗin bizar Schengen Yuro 90 ne tun Yunin 2024, kimanin sefa 59,000, kuma ba a maido shi idan an hana mutum. Mai zaure da zai rubuta wannan jimla ta ƙarshe da manyan baƙi, da ya yi wa mutanensa aikin da ya fi hotunan biza ɗari.

Asarar jaka biyu ma mai sauƙi ce. Mai nauyin ita ce abin da labarin ke sa mutum ya aikata. Matashi ya sayar da awakin mahaifiyarsa, ko ya jinginar da rabonsa na dabino a kwari, saboda an ce masa hanya lafiya lau. Jihar Damagaram ta san ƙarshen irin wannan magana. A Oktoban 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92 a hamada, arewa da Arlit, kusa da iyakar Aljeriya, bayan motocinsu sun lalace. Yawancinsu mata ne da yara, kuma akasarinsu daga yankin Kance. A 2024 kaɗai, ƙungiyar Alarme Phone Sahara ta ƙidaya fiye da mutum 30,000 da Aljeriya ta koro zuwa Assamaka. Ana sauke su ne a wani fili cikin rairayi, su tako kusan kilomita 15 da ƙafa kafin su ga gari. Wannan ma labarin tafiya ne, amma ba ya jawo masu rajista.

To, ina aka samo ra'ayin cewa biyan kuɗin wata don labarin tafiya dabara ce? Daga inda take aiki. A Amurka, wani kamfani da Scott Keyes ya kafa a 2015, wanda ya koma suna Going a 2023, yana aika wa masu biya sanarwar tikiti mai rahusa, har da wanda kamfanin jirgi ya yi kuskuren farashi. Mai fasfon Amurka da ke zaune kusa da babban filin jirgi, mai katin banki a hannu, zai iya sayen tikitin cikin minti goma, ya fanshe kuɗin shekara a tafiya guda. Matsalarsa farashi ce kawai. Ɗan Gure kuwa yana da tafiyar fiye da kilomita 1,000 kafin ya isa filin jirgin Yamai, ko ya ƙetara iyaka zuwa Kano, kuma kafin duk wannan sai ya samu biza. Rahusar da za ta ƙare gobe da safe ba tasa ba ce.

Ƴan Nijar mazauna waje su ne ke tsakiya. Wanda ke New York ko Brussels da takardun zama, yana zuwa gida kowace Sallah da iyali, yana iya cin riba. Amma ya fara duba wata uku a ɓangaren kyauta ya ga sau nawa sunan Yamai ko Kano ya fito. Jiragen da ke sauka Yamai kaɗan ne, kuma lokacin da kowa ke son tafiya shi ne lokacin da rahusa ke ɓacewa.

A Gure kanta akwai wanda biyan kuɗin labari ke yi wa rana: ɗan kasuwar da ke kai dabbobi ko kanwa kudu duk mako. Shi yana tura wa wani direba ko dillali kuɗin kati, a kira shi da asuba a gaya masa canjin naira, da farashin rago, da shingen da aka ƙara jiya. Labarin na yau ne, zai gwada shi kafin azahar, kuma ya san gidan mai ba shi. In ya yi masa ƙarya sau ɗaya, cinikin ya ƙare, kuma tasha duka za ta ji.

Matashin da har yanzu zuciyarsa ke raya masa ya biya yana da damar yin tambaya kafin ya tura kuɗi. Mai zauren ya faɗi sunansa na gaskiya da garin da yake zaune. Ya nuna daga wace hukuma ko wane kamfani sanarwar ta fito, da ranar da ta fito. Ya haɗa shi da mutum guda daga Gure, ko Gidimuni, ko Kelle, wanda ya tafi ta hannunsa kuma iyayensa na nan ana iya zuwa a gaishe su. Ya kuma faɗi ko zai maido kuɗi idan labarin ya zama ba haka ba. Galibi amsar da ke dawowa ita ce lambar da za a tura kuɗin, da gargaɗin cewa guraben sun kusa cika.