Filin Mata: Tukunya Ta Fi Takobi Daɗewa

Yau za mu yi tafiya mai nisa muna zaune bisa tabarmarmu. Za mu leƙa wani yanki na ƙasar Italiya da a ke kira Sisili, wanda Larabawa su ke ce wa Siƙilliya. Abin da ya sa na zaɓe shi kuwa, akwai wata gardama da ba ta ƙarewa a gidajenmu. Yarinya ta ɗan yi nisa a karatu, sai ta ga madafa ba wurinta ba ce. Uwa kuma ta ce ai ga irinta nan, boko ya ɓata ta. To, labarin Sisili yana da abin da zai gaya musu su duka biyu.

Sisili tsibiri ne mai kusurwa uku, ba kuwa wanda ya kai shi girma a cikin Bahar Rum. Mutanensa sun kusa miliyan 5, babban birninsa Palermo. Tsakaninsa da sauran Italiya ruwa ne na kamar mil 2 a inda ya fi ƙunci, tsakaninsa da Tunisiya kuwa wajen mil 90. Tsakiyarsa tuddai ne da a ke noman alkama, da bazara su bushe ƙayau. A bakin teku akwai garakan lemu da zaitun. Daga gabas ga dutsen Etna mai aman wuta, tsayinsa wajen ƙafa 11,000, da hunturu ƙanƙara ta kan lulluɓe kansa. A 1669 narkakken dutsen da ya amayar ya malalo har birnin Catania. Duk da haka mutane ba su guje shi ba, domin tokarsa taki ce, ƙasar gindinsa tana da albarka ƙwarai.

Ƙasa mai albarka a tsakiyar hanya ba ta rasa masu kwaɗayinta. Yunanawa sun zo tun fiye da shekara 700 kafin haihuwar Annabi Isa, har yanzu manyan gine-ginensu na dutse suna tsaye a Agrigento. Rumawa suka biyo, suka mai da tsibirin rumbun hatsinsu.

A 827 rundunar Musulmi ta taso daga Tunisiya ta sauka a Mazara. Shugabanta wani tsohon alƙali ne, Asadu ɗan Furatu, almajirin Imamu Malik. Ku tambayi malaman zaure, za su gaya muku a kan littafinsa Sahnunu ya gina Mudawwana. An ci Palermo a 831. Wani matafiyi, Ibn Hauƙal, da ya ziyarci birnin wajen 973, ya ce masallatansa sun kai 300. Baƙin nan manoma ne na gaske. Suka haƙa hanyoyin ruwa a ƙarƙashin ƙasa, suka yaɗa noman lemun tsami, da rake, da auduga. Sunayen da suka sa wa wurare ba su ɓace ba. Akwai wani gari a tsakiyar tsibirin, Caltanissetta, asalin sunan Ƙal'atun Nisa'i ne, watau Ganuwar Mata.

Daga 1061 zuwa 1091 wasu mayaƙa Kirista, Normawa, waɗanda asalinsu daga arewacin Faransa ne, suka karɓe tsibirin. Amma sarakunansu na farko ba su kori masu sana'a ba. Sarki Roger na Biyu, wanda aka naɗa a 1130, ya gina majami'a a cikin fadarsa ta Palermo. Yunanawa suka ƙawata bangon da ƙananan duwatsu da gilasai masu ruwan zinariya, ana jera su ɗaya bayan ɗaya har su zama hoto. Rufin katakon kuwa aikin sassaƙa ne irin na ƙasashen Musulmi, kamar saƙar zuma. Alkyabbar sarkin ta jan alharini ce, an yi mata aiki da zaren zinariya da lu'ulu'u, ga dabino a tsakiya, ga zaki bisa raƙumi dama da hagu, ga rubutun Larabci a bakinta mai nuna shekara ta 528 bayan Hijira. Tana nan a ajiye a Vienna. A fadar nan ne kuma Sharif Idirisi ya gama littafinsa na labarin ƙasa a 1154, wanda ya ambaci Kanem da Gawo a ciki.

Zaman lafiyar nan bai ɗore ba. Daga wajen 1224 Sarki Frederick na Biyu ya riƙa kwashe Musulmi yana kai su garin Lucera, a can cikin Italiya, kafin 1250 ba sauran jama'arsu a tsibirin. Masallatai suka rushe ko suka koma majami'u. Faransawa suka yi mulki, mutanen Sifen suka yi, har Garibaldi ya sauka a Marsala a 1860, Sisili ta shiga haɗaɗɗiyar Italiya a 1861.

To, ku duba abin da ya rage a hannun talakawa bayan duk wannan. Sarauta ta tafi, harshe ya tafi, amma in kun shiga madafa sai ku tarar da baƙin suna nan. Idirisi ya rubuta cewa a garin Trabia ana yin taliya mai yawa, ana cika jirage da ita zuwa ƙasashen Musulmi da na Kirista, yau kuwa Italiya duka da taliya aka san ta. Suna da alewar riɗi da zuma, ƙanwar kantunmu, suna ce mata jujjulena, daga juljulan, sunan riɗi da Larabci. Suna dafa babban yalo da albasa da zaitun, su haɗa tsami da zaƙi a ciki, shi ne caponata. Wanda ba shi da kuɗin cuku sai ya soya ɓarɓashin busasshen burodi ya barbaɗa a kan taliya, ba a zubar da kome. Tumatir kuwa baƙo ne na baya, daga Amurka ya zo bayan 1492, shi ma tukunya ta karɓe shi.

Wanda zai fi ba ku mamaki shi ne kuskusu na garin Trapani, a yammacin tsibirin. Dambu ne sosai! Wasu masana suna cewa tun zamanin Larabawa ya ke, wasu suna cewa masuntan da ke kai da kawowa zuwa Tunisiya ne suka kawo shi daga baya. Ko ta wace hanya ya zo, hannun mata ne ya riƙe shi. Tun daga 1998 a kan yi masa biki kowane watan Satumba a garin San Vito Lo Capo, masu dafuwa su zo daga ƙasashe dabam dabam.

Ga yadda su ke yinsa, ga mai son gwadawa. Ki sami tsakin alkama gwangwani huɗu, ki riƙa zubawa kaɗan kaɗan a faffaɗan akushi, kina yayyafa ruwan gishiri kina murzawa da yatsu a kewaye, har ya zama 'yan ƙwayoyi. Ki sa mai, da yankakkiyar albasa, da ɗan kirfa. Ki juye a madambaci, ki liƙe tsakaninsa da tukunya da kwaɓaɓɓen gari don kada tururi ya gudu, ki bar shi ya turara kamar awa guda. Kafin nan kin yi romon kifi da albasa da tafarnuwa da tumatir. Ki tace romon saboda ƙaya, ki jiƙa dambun da rabinsa, ki rufe, ki lulluɓe da bargo har rabin awa. Sa'an nan ki jera kifin a kai, ki kai da sauran romon a kwano dabam.

Yanzu sai mu koma kan gardamarmu. Ke 'yar makaranta, wadda ta raina madafa ta raina babban ɗakin ajiyar tarihi. Matan Trapani da suka riƙe kuskusu ba a rubuta sunayensu ba, amma aikinsu ya daɗe fiye da na sarakunan da a ke haddace sunayensu a aji. Ke kuma uwa, ki lura, da Idirisi bai iya rubutu ba da ba mu san labarin taliyar Trabia ba. Hannu ne ya ke yi, alƙalami ne ya ke tsarewa, hannu ɗaya kuwa ba ya ɗaukar jinka.

Saboda haka ga aikin da na ba ku. Kowace yarinya ta sami littafin rubutu guda, ta zauna kusa da kakarta ko gwaggonta, ta rubuta yadda a ke alkaki, da nakiya, da funkasau, da daddawa: awo nawa, kwana nawa a ke jiƙawa, yaya a ke gane ya yi. Tsohuwa in ta tafi, da saninta ta ke tafiya. Wadda ta rubuta nata da kyau ta aiko mana, za mu buga a wannan fili don sauran 'yan'uwa su ƙaru.

Allah ya ba mu sa'a, amin. Sai mako mai zuwa, ku huta lafiya.