Lanƙwasar ƙ Ba Kwalliya Ba Ce

Ɗalibi, idan ka ratsa babbar kasuwar Garwa, ɗaga kai ka dubi allunan shaguna. Faransanci ne a sama da manyan baƙaƙe. Hausa ko Fulatanci kuwa, in ma an sa su, suna can ƙasa a takure, kamar sai da fenti ya kusa ƙarewa aka tuna da su. Ido babban rubutu yake fara kamawa, saboda haka tun kafin a karanta an san wanda aka fifita.

Wannan ma da sauƙi. Abin da ya fi ci mini rai shi ne masu cewa lanƙwasar ƙ, ɗ da ɓ ado ce kawai, wai mai karatu zai gane. Wane mai karatu? Wanda ke bisa babur kallo ɗaya yake yi wa allo. Siffar kalma yake ɗauka ya wuce, ba ya tsayawa auna ma'ana. In aka rubuta masa "masaukin baki", to an kai baƙi cikin baki. Tsakanin "kafa" da "ƙafa" ma 'yar lanƙwasar nan ce kaɗai shamaki, ita da ba ta kai faɗin farce ba.

Uzurin wai nan ƙasar Faransanci ce bai karɓu ba. Tun 1979 aka tsara wa harsunan Kamaru baƙaƙe na bai-ɗaya masu ɗauke da ɓ da ɗ, kuma da su ake rubuta Fulatancin Garwa. Mai fentin da bai taɓa mance wutsiyar ç ko alamar é ba, me ya sanyaya masa hannu da ya iso kan ƙ?